Yadda Teku ke Dafa Dusar Ƙanƙara: Tambayoyi da Amsoshi

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da mu muke fama da ƙurar hunturu da faskarewar ƙafa, hotuna kan cika wayoyin mutane: motoci sun nutse har rufi, mutum ya buɗe ƙofar gidansa ya tarar da farin bango a gabansa, ana haƙa hanya da shebur kamar ana yasar rijiya. Wanda ya lura zai ga sunayen garuruwan kusan ba sa canzawa: Buffalo a Amurka, Aomori da Niigata da Sapporo a Japan, wani lokaci Istanbul. Akwai wuraren da suka fi su sanyi nesa ba kusa ba, amma ba a binne su haka. Abin da ya haɗa waɗannan garuruwa shi ne kowannensu yana zaune a bakin wani babban ruwa ko kusa da shi, a gefen da iska ke sauka bayan ta tsallake shi. Abin da ke binne su shi ne zirin dusar ƙanƙara. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Mene ne ake nufi da zirin dusar ƙanƙara?

Wani dogon gajimare ne siriri da ke tasowa a saman teku ko babban tafki, ya miƙe yadda iska ke tafiya, ya shiga tudu yana zubar da dusar ƙanƙara. Tsawonsa kan kai kilomita ɗari zuwa ɗari uku ko fiye, faɗinsa kuwa sau da yawa bai wuce kilomita biyar zuwa ashirin ba. Shi ya sa sunan ziri ya dace da shi.

Ya bambanta da guguwar dusar ƙanƙara irin wadda ke rufe ƙasa guda. Ita waccan hadari ce mai faɗi, takan zo ta zuba wa kowa, ta wuce. Shi ziri yakan zo ne bayan guguwar ta wuce, lokacin da sararin sama ya washe a ko'ina kuma iska mai tsananin sanyi ta biyo baya. A ƙarƙashinsa dusar na iya taruwa santimita biyar zuwa goma a awa ɗaya, kuma muddin iska ba ta sauya alƙibla ba, yana nan a tsaye kan gari ɗaya kwana da yini.

A kula da kalma: ƙanƙarar da kan faɗo a Jos ko a Mambila lokacin damina, mai fasa gilashin mota, daban take da dusar ƙanƙara. Dusa laushi gare ta, kamar audugar rimi take sauka.

An ce teku mai sanyi ne. To ina ya sami ƙarfin haɗa hadari?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, kuma nan ne gaba ɗayan maganar take. Ruwan da ke digiri 5 ko 10 a ma'aunin Salsiyas, in mutum ya faɗa ciki zai iya rasa ransa cikin ƙanƙanin lokaci. Amma ga iskar da ta taso daga Saberiya tana digiri 20 ƙasa da sifili, wannan ruwan tukunya ce a kan murhu.

Duk wanda ya taɓa jawo ruwan rijiya da asubar hunturu ya san abin: guga ta fito tana ɗan tururi, ka sa hannu ka ji ɗumi. Ruwan bai ƙara zafi ba, gari ne ya huce ya bar shi. Ruwa yana da riƙon zafi na ban mamaki. Idan aka auna ruwa da iska a mazubi iri ɗaya, zafin da ruwan zai saki kafin ya sauka da digiri ɗaya ya ninka na iskar sama da sau dubu uku. Saboda haka ƙasa takan daskare tun farkon hunturu, teku kuwa yana nan riƙe da ɗumin bazara har tsakiyar Janairu.

Idan busasshiyar iska mai sanyi ta hau kan irin wannan ruwa, abu biyu take ɗiba. Na farko ɗumi: iskar da ke shafar ruwa takan yi ɗumi, ta yi sauƙi, ta tashi sama kamar hayaƙi. Na biyu laima: da yake a bushe ta zo, sai ta riƙa shan tururi kamar tsumma. Da ta ɗaga sama ta huce, tururin ya koma ɗigon ruwa da ƙwayoyin ƙanƙara, sai gajimare ya bayyana. Wannan sauyawar kuma da kanta tana sakin zafin da ke ɓoye cikin tururin, wanda ke ƙara tura iskar sama. Gajimaren na ciyar da kansa ke nan muddin akwai ruwa a ƙarƙashinsa.

A ranakun da sanyi ya tsananta har ido yana ganin farkon aikin. Tekun kan yi ta hayaƙi kamar ana dafa shi. A Hokkaido, tsibirin arewacin Japan, suna kiran wannan hazo kearashi.

Me ya sa yake yin layi-layi maimakon ya rufe sama gaba ɗaya?

Wanda ya ga hoton tauraron ɗan Adam na Tekun Japan a ranar sanyi, abin da zai fara zo masa a rai shi ne gonar da aka yi wa huɗa: kunya, kwari, kunya, kwari, duk sun miƙe daga wajen Rasha da Koriya zuwa Japan.

Dalili shi ne iskar da ta tashi dole wata ta sauko ta maye gurbinta. Da ba a iska mai ƙarfi, da hawa da saukar sun warwatsu tuli-tuli. Amma da yake ana kaɗawa da ƙarfi ta fuska ɗaya, sai motsin ya naɗe kamar tabarmi da aka jera a kwance, kowace tana juyawa saɓanin maƙwabciyarta. Inda biyu suka haɗu suna hawa, nan gajimare ke fitowa, wato kunya. Inda suka haɗu suna sauka, sama a washe take, wato kwari. A kusa da inda iskar ta fara hawa ruwa layukan sirara ne kuma a matse. Can gaba, da gajimaren ya ƙara tsawo, sai su yi kauri su ware.

Waɗannan layuka masu yawa ba su ne mafiya haɗari ba, domin sun raba laimar a tsakaninsu. Wanda ake tsoro shi ne ziri guda ɗaya tak. Yakan samu ne idan ruwan dogo ne siriri, iska kuma ta bi tsawonsa. Ƙasar da ke gefe biyu ta fi ruwan sanyi, don haka iska mai nauyi takan gangaro daga gaɓar dama da ta hagu, su yi karo a tsakiya. Ba su da wajen zuwa sai sama. Duk laimar da aka tara a tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku sai ta taru a layi ɗaya, ta je ta juye a kan wanda ya zauna a ƙarshen ruwan.

Waɗanne sharuɗɗa ne sai sun cika?

Masana yanayi suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi: sai bambancin zafi tsakanin fuskar ruwa da iskar da ke can sama a tsayin kusan mita 1,500 ya kai digiri 13. In ruwa yana digiri 6, ana son iskar can sama ta kai digiri 7 ƙasa da sifili. In bambancin ya haura 20, a shirya shebur.

Sai nisan tafiya a kan ruwa. Iska tana buƙatar lokaci kafin ta ƙoshi, galibi tafiyar kilomita ɗari ko kusa da haka. Saurinta ma yana da ruwa a ciki: in ta yi gudu da yawa, ta tsallake ba ta ɗebi komai ba, in ta yi sanyin jiki, gajimaren ya tsaya a kan teku ya zubar da kayansa can.

Akwai kuma wani sharaɗi da ba a cika ambata ba, alhali shi ke raba ziri mai ƙarfi da tarkacen gajimare. Dole iskar ƙasa da ta sama, har zuwa kusan kilomita uku, su fuskanci waje ɗaya. In sun saɓa da fiye da digiri 30 na kusurwa, zirin ya fara yagewa. In ya kai 60, da wuya ya haɗu.

Na ƙarshe shi ne murfi. A saman iska mai sanyi galibi akwai wani shimfiɗi mai ɗan ɗumi da ke hana gajimare wucewa. In murfin yana ƙasa-ƙasa, a kilomita ɗaya, yayyafi kawai za a samu. In ya ɗaga zuwa kilomita uku ko sama, gajimaren ya sami sarari. An fi samun manyan furannin dusa masu rassa a inda sanyin cikin gajimaren yake tsakanin digiri 12 da 18 ƙasa da sifili.

Tunda a kan teku yake haɗuwa, me ya sa a tudu ya fi zubarwa?

Fuskar ruwa sumul take. Da iska ta iso gaɓa ta ci karo da bishiyoyi da gine-gine da tuddai, sai ta gaba ta rage gudu, ta baya kuma tana tahowa a guje, kamar motocin da suka iso shingen bincike. Cunkoson ya tura iska sama. In akwai tudu ko dutse a bayan gari, an ƙara gishiri ke nan, domin hawan 'yan ɗaruruwan mitoci ya isa ya matse gajimaren. Saboda haka sau da yawa ba garin da ke daf da ruwa ne ya fi shan wahala ba. A bakin ruwa ɗumin teku kan sa dusar ta zo a jiƙe, ko ma ta zama ruwan sama; ƙauyukan da ke kilomita ashirin ko talatin a ciki, a gindin tsaunuka, su ake binnewa. Tudun Tug Hill da ke gabashin tafkin Ontario a jihar New York ya yi suna ne a kan haka.

Ina ne abin ya fi ƙamari a duniya?

Gaɓar yammacin Japan, ba tantama. Kamar an zauna an tsara wurin ne don wannan aiki. A bayansa akwai Saberiya, rumbun sanyi. A tsakiya akwai Tekun Japan, tafiyar kusan kilomita 800 daga Vladivostok zuwa Niigata, kuma wani ruwa mai ɗumi da ake kira Tsushima yana kwararowa cikinsa daga kudu, yana riƙe da fuskar tekun a sama da digiri 10 kusa da gaɓar Honshu, babban tsibirin Japan, ko a tsakiyar hunturu. A gaba kuma ga tsaunukan da suka raba tsibirin gida biyu, wasu sun kai mita 3,000.

Abin mamaki, birnin Toyama yana kusan layi ɗaya da Aljiyas da Tunis a taswira. Can ana shan iskar Bahar Rum, nan kuma a kan tsaunukan Tateyama, idan aka buɗe hanyar mota a tsakiyar Afrilu, bas na bi ne tsakanin bangon dusa biyu da kan kusanci mita 20 a shekarar da ta yi yawa. Birnin Aomori na samun sama da mita biyar a shekara in aka haɗa duk abin da ya zuba. Sapporo, mai mutane kusan miliyan biyu, na samun kusan mita biyar. A Sukayu, cikin tsaunukan Aomori, an auna dusa kwance a ƙasa mai zurfin santimita 566 a Fabrairun 2013. A dutsen Ibuki kuwa, ranar 14 ga Fabrairun 1927, an auna mita 11.82, adadin da har yau ake ambata a matsayin mafi zurfi da aka taɓa aunawa.

Japan tana da nata babban ziri da ake kira JPCZ a rahotannin yanayi, wato taƙaitaccen sunan Turanci na layin da iska mai sanyi ke haɗuwa a kan Tekun Japan. A kan iyakar Sin da Koriya ta Arewa akwai tsaunukan da dutsen Paektu ke cikinsu, mai tsawon fiye da mita 2,700. Iskar Saberiya in ta iso nan sai ta rabu biyu, ta zagaye su, ta sake haɗuwa a kan teku. Layin da suka haɗu ya zama ziri mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci, bakinsa yana lilo tsakanin San'in da Hokuriku, yankuna biyu na wannan gaɓa. Inda ya tsaya, an shiga uku. A Fabrairun 2018 ya tsaya a kan birnin Fukui: dusa ta kai santimita 147 a cikin birni, abin da ba a gani ba tun 1981, motoci kusan 1,500 suka maƙale a babbar hanya mai lamba 8 har sai da aka kira sojoji. A Disambar 2020 motoci fiye da 2,000 suka kwana a babbar hanyar Kan-etsu. Tsofaffin yankin kuwa da hunturun 1963 suke auna komai, shekarar da mutane fiye da 200 suka mutu.

A ɗaya gefen tsaunukan kuwa, Tokyo na cikin rana da busasshiyar iska. An riga an tatse laimar tun a hanya. Mutum kan shiga jirgin ƙasa cikin hasken rana, ya ratsa ramin dutse, ya fito cikin wata duniya.

Mutanen wannan gaɓa sun gina rayuwarsu a kan lamarin. A Takada akwai rumfuna da suka haɗe gaban gidaje, ana kiransu gangi, don a sami hanyar tafiya in titi ya toshe. A Nagaoka aka fara, a 1961, shimfiɗa bututu a tsakiyar titi yana fesa ruwan ƙarƙashin ƙasa don narkar da dusa. Dabarar rijiyar asuba ce dai: ruwan ƙasa ya fi gari ɗumi.

Da gaske ne ana iya binne unguwa ɗaya, ta kusa da ita ba ta ga komai ba?

Da gaske ne, kuma wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, mu da muka saba ganin ruwan damina ya jiƙa gona ɗaya ya tsallake ta maƙwabci. Bambancin shi ne hadarin damina yana tafiya, ziri kuwa yana iya kafewa.

Buffalo tana zaune a ƙarshen gabas na tafkin Erie, wanda tsawonsa ya kusa kilomita 390. In iska ta taso daga kudu maso yamma ta bi tsawon tafkin, birnin ne bakin bututu. A tsakiyar Nuwambar 2014, a zagayen farko na zubar, filin jirgin saman birnin ya sami kusan santimita 15, wasu unguwanni 'yan kilomitoci kaɗan a kudu suka sami sama da mita ɗaya da rabi. Hotunan ranar sun nuna gajimaren tsaye kamar katanga a kan tafkin, gefe guda shuɗin sama. Kafin mako ya ƙare wasu wurare sun haura mita biyu, mutane aƙalla 13 suka rasu. A Nuwambar 2022 aka maimaita, garuruwan Hamburg da Orchard Park suka sami kusan mita biyu.

In iskar ta karkata kaɗan, da digiri goma kacal, zirin ya koma kan wasu mutanen daban. Shi ya sa mazauna wurin ba sa tambayar ko za a yi dusa. Tambayarsu ita ce ina zirin zai sauka.

Akwai bambanci tsakanin na teku da na tafki?

Aikin iri ɗaya ne. Bambancin yana wajen daskarewa. Ƙanƙara in ta rufe fuskar ruwa, an rufe tukunya, ɗumi da tururi sun daina fita. Tafkin Erie ba shi da zurfi, matsakaicinsa kusan mita 19, don haka a shekaru da yawa yakan daskare a Janairu ko Fabrairu, Buffalo ta huta. Ontario mai matsakaicin zurfin kusan mita 86 da wuya ya rufe, shi ya sa na gabashinsa ke sha har ƙarshen hunturu. Ruwan teku kuwa saboda gishiri sai ya sauka kusan digiri biyu ƙasa da sifili kafin ya daskare, ga zurfi, ga igiyoyin ruwa masu kawo sabon ɗumi. Tekun Baltik na arewacin Turai yana tsaka-tsaki: gishirinsa kaɗan ne, mashigansa na arewa suna daskarewa, saboda haka zirinsa ya fi ƙarfi a farkon hunturu.

Ban da Japan da Amurka fa?

Suwidin ta san shi sosai, har suna kiransa snökanon, wato igwar dusa. A farkon Disambar 1998 iskar arewa maso gabas ta bi tsawon mashigin Botniya na Tekun Baltik ta sauka a kan garin Gävle. Cikin kwana uku zuwa huɗu dusa ta kai santimita 130, sai motocin soja masu sarƙa ne ke iya yawo. A ɗaya gefen mashigin, garin Merikarvia na Finlan ya sami santimita 73 cikin ƙasa da kwana ɗaya ranar 8 ga Janairun 2016, abin da ba a taɓa aunawa ba a ƙasar.

A Birtaniya, sanyin da ya taso daga gabas a ƙarshen Fabrairun 2018 ya tsallake Tekun Arewa ya jera layuka a kan gabashin Ingila da Sikotilan. A Sin, biranen Yantai da Weihai na lardin Shandong su ke karɓar abin da Tekun Rawaya da mashigin Bohai suka dafa, kamar yadda aka gani a Disambar 2005 da ta 2023. Gaɓar Iran ta Tekun Kasfiya, wajen Rasht, ta sha nata a 2005 da 2014. Italiya ma, a Fabrairun 2012, iskar da ta tsallako Tekun Adriyatik ta binne garuruwan kan tudu irin su Urbino.

Wanda ya fi shafar matafiyanmu shi ne na Istanbul, tunda 'yan kasuwa da ɗalibai da masu neman magani da yawa ta nan suke bi. Bahar Aswad yana arewa da birnin, kuma sabon filin jirgin saman a bakinsa aka gina shi. A Janairun 2017 an soke ɗaruruwan jirage. A ƙarshen Janairun 2022 aka rufe sabon filin baki ɗaya, fasinjoji suka kwana a ƙasa, rufin wani ɗakin ajiyar kaya ya rufta saboda nauyin dusa. Wanda zai canza jirgi a can cikin Janairu ko Fabrairu, gara ya bar tazara mai kyau tsakanin jiragensa.

Ana tsawa da walƙiya a cikinsa?

Ana yi. Idan bambancin zafin ya yi yawa, iska na hawa da ƙarfin da zai sa ƙwayoyin ƙanƙara su riƙa gogayya, irin abin da ke faruwa a hadarin damina. Kanazawa da ke yankin Hokuriku tana cikin garuruwan da suka fi yawan tsawa a Japan, kuma mafi yawanta a hunturu ake yi. Masunta na kiranta buri-okoshi, wai tsawar da ke tashin kifin buri daga barci, domin tana zuwa ne daidai lokacin kamunsa.

Mita biyu na dusa, ruwa nawa ke nan?

Ya danganta. Ƙiyasin da aka saba shi ne santimita goma na dusa in ya narke ya ba da santimita ɗaya na ruwa. Dusar ziri a wuri mai tsananin sanyi takan fi haka sauƙi, sai ashirin ko talatin kafin a sami ɗaya. Ana iya share ta da tsintsiya. Ta Hokuriku kuwa, da yake gari na kusa da sifili, a jiƙe take zuwa, mai nauyi, mai manne wa wayoyin lantarki.

Ko mai sauƙin ma in ta kwana biyu sai ta danne kanta. Mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi na dusar da ta zauna yana iya kai kilo 300 ko fiye, nauyin buhun siminti shida. A lissafa hakan a kan rufin gida guda. Shi ya sa ake hawa rufi a sauke ta, kuma a Japan mafi yawan waɗanda dusa ke kashewa a wajen aikin kwasarta suke mutuwa. Mafi yawan waɗanda ke faɗowa tsofaffi ne masu shekara 65 zuwa sama, domin matasan ƙauyukan sun tafi birni.

Masana na iya hango shi?

Suna iya cewa gobe akwai ziri, kuma da wuya su yi kuskure. Masu hasashe a Japan kan duba abin da balan-balan ɗin awo ya kawo daga saman garin Wajima da ke gaɓar Tekun Japan: in iskar da ke can sama a tsayin kusan mita 5,000 ta kai digiri 36 ƙasa da sifili, alamar dusa mai yawa ce. A hoton tauraron ɗan Adam kuma suna duba tazarar da ke tsakanin gaɓar Rasha da inda gajimaren ya fara. In tazarar ta yi ƙanƙanta, iskar mai tsananin sanyi ce.

Inda gizo ke saƙa shi ne faɗin wace unguwa. Kuskuren kilomita goma ba komai ba ne a hasashen guguwa mai faɗin ƙasa guda, amma a nan shi ne bambancin rufe makarantu a banza da barin mutane su maƙale a hanya. Ga shi kuma gajimaren gajere ne, sau da yawa kilomita biyu zuwa uku, har na'urar rada da ke nesa takan harba ta samansa ba ta gan shi ba. A ganina, wanda ya zagi masu hasashe don dusar ta sauka a garin maƙwabta bai yi musu adalci ba.

Ɗumamar yanayi za ta kawo ƙarshensa?

Ba nan kusa ba, kuma amsar tana da fuska biyu. Tekun Japan ya ƙara ɗumi da fiye da digiri ɗaya a cikin shekara ɗari, manyan tafkunan Amurka da Kanada kuma ƙanƙarar da ke rufe su tana raguwa. A Fabrairun 2024 ta yi ƙarancin da ba a saba gani ba. Ruwa mai ɗumi kuma a buɗe yana nufin ƙarin tururi duk ranar da iska mai sanyi ta zo. A gefe guda, irin waɗannan ranaku suna raguwa, kuma a garuruwan bakin teku da ke kusa da sifili abin da da zai zama dusa yana komawa ruwan sama. Don haka jimillar shekara na iya raguwa a ƙasa-ƙasa, amma zubar kwana biyu mai rufe hanya tana nan, a kan tsaunuka ma tana iya ƙaruwa.

Me ya sa iskar hunturunmu ba ta yin haka a Tafkin Chadi ko a bakin tekun Legas?

Domin ba ta da sanyin. Iskar hunturu busasshiya ce kuma daga arewa maso gabas take zuwa, amma daga Sahara, ba daga ƙasar ƙanƙara ba. Sanyin asubarmu na kusa da ƙasa ne kawai. A tsayin mita 1,500 iskar tana sama da sifili sosai, kuma da rana ta ɗaga ta fi ruwan tafkin zafi. Ba ta da dalilin tashi sama, sai dai ta shanye ruwan ta wuce da ƙurarta. Iyakar abin da muke gani shi ne ɗan hayaƙin da ke tashi a kan kogi ko kududdufi da sassafe.

Wanda ya sami kansa a irin waɗannan garuruwa, me zai kiyaye?

Kada hasken rana a ƙofar gida ya ruɗe ka. Tafiyar minti biyar a mota tana iya kai ka cikin zirin, inda ba ka ganin fitilar motar da ke gabanka. In hukuma ta hana tuƙi, a zauna a gida.

In mota ta maƙale, kada a fita neman hanya a ƙafa, domin cikin farin nan ba gabas ba yamma. A zauna ciki, a riƙa kunna injin na 'yan mintoci ana kashewa, kuma kafin kowace kunnawa a fita a share dusar da ta toshe salansa. In ya toshe, hayaƙin na komawa cikin mota. Gubar nan ce marar wari da ke kashe iyalai masu kwana da janareto ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. A guguwar Buffalo ta Disambar 2022, wadda ta kashe mutane fiye da 40, akwai waɗanda a cikin motocinsu aka same su.

Shebur ma ba abin wasa ba ne. Kwasar dusa mai nauyi cikin sanyi tana matsa wa zuciya, kuma da yawa daga mamatan 2014 a wannan aikin suka faɗi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya bar wa yara, ko ya biya a yi masa. Wanda kuma zai hau rufi ya ɗaura igiya a ƙugu, ya tabbata akwai wani a ƙasa yana kallonsa.